Dan Allah masana tarihi, me ya haɗa 'yan Peru wuri ɗaya?

Abba Ɗalibi:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina da tambaya da ta daɗe tana min yawo a kai. Ni dai ta hanyar ƙwallo na fara sanin Peru, lokacin kofin duniya na 2018 a Rasha da suka dawo bayan shekara 36 ba su je ba, na ga magoya bayansu sun cika fili maƙil da fari da ja, ana taken ƙasa manyan mutane da furfura suna hawaye, nace lallai waɗannan mutane suna son ƙasarsu. Daga nan na shiga karance-karance a kansu, to sai abu biyu suka ɗaure min kai.

Na farko, kusan duk gwarazan da suka fi ji da su mutane ne da aka ci su da yaƙi. Ranar 8 ga Oktoba hutu ne a ƙasar, kuma ranar ce aka kashe babban kwamandan jirgin ruwansu aka ƙwace jirgin. Ta yaya ƙasa za ta ware ranar da aka kayar da ita tana biki?

Na biyu kuma shine ya fi damuna wlh. Ko'ina ka duba sunan Inka ne, wato tsohuwar daular da ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa, tsohon garinsu Machu Picchu a kan kowace talla, lemon kwalbansu Inca Kola, har kuɗinsu sun taɓa sa masa suna inti, wato ranar da Inkawa ke bauta wa. Amma kuma jikokin Inkawan na gaskiya, masu jin yaren Kecuwa da ke zaune a kan duwatsu, sai na karanta cewa su ne aka fi rainawa a Lima babban birnin ƙasar, har a 2023 lokacin zanga-zanga shugabar ƙasa Dina Boluarte ta ce wai Puno ba ita ce Peru ba, bayan an kashe mutum 18 rana ɗaya a garin Juliaca da ke yankin na Puno. Daga baya fadarta ta ba da haƙuri amma magana zarar bunu ce. To ya ake son kakanni a ƙi jikoki? Kuma in haka ne wane tarihi ne suka yarda da shi dukkansu? Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

Malam Nasiru:

Wa alaikumus salam Abba, tambayarka ta yi kyau kuma su kansu 'yan Peru sama da shekara ɗari suna yi wa juna ita.

Bari in fara da ta farkon tunda ta fi sauƙi. Yaƙin da kake magana shine wanda suka yi da Chile daga 1879 zuwa 1883, su da Bolibiya a gefe ɗaya, asalin rigimar kuma arzikin gishirin taki da na albarushi ne da ke cikin hamadar Atacama. Mutumin sunansa Miguel Grau, jirginsa kuma Huascar. Abin da ya sa suke ji da shi ba wai mutuwarsa kaɗai ba ce, halinsa ne. Ranar 21 ga Mayu 1879 a Iquique ya nutsar da jirgin Chile mai suna Esmeralda, kwamandan jirgin Arturo Prat ya mutu, sai Grau ya sa aka tsamo sojojin abokan gaba daga ruwa, sannan ya tattara takobin Prat da kayansa ya aika wa matarsa haɗe da wasiƙar ta'aziyya. Ka ji fa, ana tsakiyar yaƙi. Kusan wata biyar da jirgi ɗaya ya hana rundunar ruwan Chile sakat kafin su yi masa taron dangi a Angamos ranar 8 ga Oktoba. Har yau akwai kujerarsa a zauren majalisar dokokinsu, tunda ya taɓa zama ɗan majalisa, kuma ana kiran sunansa in za a kira sunayen 'yan majalisa. Shi kuwa jirgin yana can tashar Talcahuano a Chile sun mayar da shi gidan tarihi, abin da har gobe yake sosa wa 'yan Peru rai. Haka Francisco Bolognesi, dattijon kanar da aka ce ya miƙa wuya a Arica a watan Yunin 1880 ya ce sai ya harba harsashinsa na ƙarshe, kuma a wurin ya mutu.

To me ya sa su? Saboda sauran labarin yaƙin abin kunya ne. Shugaban ƙasa Mariano Ignacio Prado ya bar ƙasar a ƙarshen 1879 da sunan zai je sayo makamai, aka yi juyin mulki a bayansa, sojojin Chile suka shiga Lima a Janairun 1881 suka zauna kusan shekara uku, har littattafan babban laburaren ƙasa suka kwashe, sai a 2007 suka dawo da guda 3,788. An rasa Tarapaca da Arica, Tacna ma sai 1929 ta dawo. In shugabanni sun ba ka kunya dole ka nemi wanda ya tsaya da mutuncinsa ka riƙe, shi ya sa yaro ɗan firamare a Peru zai iya ba ka labarin Grau tiryan-tiryan.

Kuma akwai wani abu, samun 'yancin kansu bai ba su gwarzo ɗan gida da kowa zai taru a kansa ba. Wanda ya shelanta 'yanci a Lima ranar 28 ga Yuli 1821, Jose de San Martin, ɗan Ajantina ne. Wanda ya ci yaƙin ƙarshe a Ayakucho ranar 9 ga Disamba 1824, Sucre, shi da ubangidansa Bolivar 'yan Benezuwela ne, kuma da yawa daga sojojin da suka yi wa Sarkin Sifaniya yaƙi ranar 'yan Peru ne. Lima ita ce hedikwatar mulkin Sifaniya a yankin, manyan cikinta suna cin moriyar tsarin.

Tambayarka ta biyu kuwa, wata masaniyar tarihi 'yar ƙasar, Cecilia Mendez, ta dunƙule ta a jimla ɗaya da Sifaniyanci, ma'anarta Inkawa eh, 'yan asalin ƙasa a'a. Wato masu mulki jikokin Turawa sun ari ɗaukakar daular Inka don su nuna su ma suna da tsohon tarihi da ya bambanta su da Sifaniya, amma manomin da ke gabansu yana jin yaren Inkawan, shi ɗan ƙwadago ne kawai. Harajin kai da Sifaniyawa suka ɗora wa 'yan asali ma bayan 'yanci sai da aka dawo da shi, bai tafi ba sai 1854. Kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 doka ta ce sai wanda ya iya karatu da rubutu zai yi zaɓe, ba a cire wannan ba sai a tsarin mulkin 1979, ka ga kenan yawancin mutanen kan dutse sai 1980 suka fara jefa ƙuri'a. Bayan an sha kashi a hannun Chile wani marubuci Manuel Gonzalez Prada ya fito ƙarara a 1888 ya ce Peru ta gaskiya ba 'yan tsirarun da ke bakin teku ba ne, tarin 'yan asalin da ke bayan duwatsu ne, kuma wanda ka mayar bawa ba zai kare maka ƙasa ba. Ga shi kuwa a wannan yaƙin, bayan Lima ta faɗi, manoman kan dutse ne suka bi Janar Caceres suka ci gaba da fafatawa.

Maman Ilham:

Malam Nasiru Allah ya ƙara ilimi. Ni ba masaniyar tarihi ba ce, aiki ne ya kai ni Peru na yi 'yan makonni, rabi a Lima rabi a Ayakucho, amma gani ya kori ji, kuma ina ganin akwai babban ɓangare da ba a taɓo ba, shine abin da ya faru daga 1980 zuwa 2000. Maganar Inka da Grau duk mai sauƙi ce tunda waɗanda abin ya shafa sun daɗe da mutuwa. Wannan kuwa waɗanda suka yi kisan da waɗanda aka kashe wa 'ya'ya suna raye, wasu ma gari ɗaya suke.

Ƙungiyar Sendero Luminoso ta Abimael Guzman, malamin falsafa a jami'ar Ayakucho, ta fara ne ranar 17 ga Mayu 1980 da ƙona akwatunan zaɓe a wani ƙauye Chuschi, wato daidai zaɓen da Malam yace shine na farko ga talakawan can, abin tausayi. Suna cewa don talaka suke yi amma talakan suka fi yankawa, a Lucanamarca a 1983 mutum 69 suka kashe da adduna da gatura har da yara. Da aka turo sojoji su ma sai suka ɗauki duk mai jin Kecuwa a matsayin abin zargi, a Accomarca a 1985 sojoji suka kashe mutanen ƙauye sama da 60. Manomi ya rasa inda zai sa kansa, in ya ba wa waɗannan abinci waɗancan su kashe shi, in ya hana su kuma su kashe shi.

Hukumar gaskiya da sulhu da Salomon Lerner ya jagoranta ta miƙa rahotonta a Agustan 2003, ta ƙiyasta mutum 69,280 suka mutu ko suka ɓace. Kashi 75 cikin ɗari yarensu na gida Kecuwa ne ko wani yaren 'yan asali, sama da kashi 40 daga Ayakucho kaɗai, kuma ta ɗora wa Sendero alhakin kashi 54 na mace-macen da aka kai mata rahotonsu, mafi yawan sauran na jami'an tsaro ne da 'yan sa-kai. Abin da ya fi tsaya min a rai shine kafin rahoton adadin da ake faɗa bai kai rabin wannan ba. Dubban mutane sun mutu ƙasar ba ta ma san ta yi rashi ba. Mutanen Lima da yawa sai da bam ya tashi a titin Tarata a unguwar masu kuɗi ta Miraflores a Yulin 1992, mutum 25 suka mutu, sannan suka ji yaƙin a jikinsu, alhali shekara 12 ana yi.

A Ayakucho na je wani ɗan ƙaramin gidan tarihi na ƙungiyar iyayen waɗanda suka ɓace, ANFASEP, wadda wata baiwar Allah Angelica Mendoza ta kafa da wasu mata a 1983 bayan an zo cikin dare an tafi da ɗanta, har ta rasu a 2017 ba ta same shi ba. Wurin ba shi da girma sam. Kayan sawa ne na waɗanda aka tafi da su, riga, wando, iyaye sun adana shekara da shekaru, ga tutar zanga-zangarsu ta farko da suka ɗinka da buhunan fulawa don ba su da kuɗin yadi. Wata tsohuwa da hula da kitso biyu har baya tana zaune a bakin ƙofa, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta kama hannuna ta kai ni gaban wani hoto ta ɗora yatsa a kai ta yi shiru. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Da na koma Lima na ce wa direban tasi ya kai ni gidan tarihin tunawa da wannan zamani, wanda suke kira LUM, da aka buɗe a 2015 da tallafin Jamus, sai mutumin ya ɓata rai, ya ce wurin 'yan ta'adda ne, an gina shi ne don a ci mutuncin sojojin da suka ceci ƙasa, kuma in ba don tsohon shugaban ƙasa Alberto Fujimori ba da yanzu babu Peru. Shi ma fa ba ƙarya yake ji a ransa ba, ya ba ni labarin yadda suke kwana cikin duhu in an fasa turakun lantarki, da yadda uwarsa ke manna salatif a gilashin taga saboda bam. To kun ga, Fujimori ɗin nan da kotu ta ɗaure shekara 25 a 2009 kan kisan Barrios Altos da La Cantuta, wani na ganinsa mai ceto wani na ganinsa mai kisa. Har sunan abin ba su daidaita ba, wasu su ce rikicin cikin gida da makami, wasu su ce a'a ta'addanci ne kawai, kuma daga kalmar da mutum ya zaɓa ka san ɓangarensa. Akwai ma kalmar terruco da ake jifan mutum da ita, wato ɗan ta'adda, kuma ta fi sauka a kan mutanen kan dutse in sun fito neman haƙƙinsu, ita aka yi ta jefa wa masu zanga-zangar Puno da Abba ya ambata.

Usy:

Gaskiya ni ina ganin kun karkata da yawa wajen baƙin labari, ku yi haƙuri Malam da Anti. Ƙidayar 2017 fa da aka tambayi mutane yadda suke kallon kansu, kusan kashi 60 cewa suka yi su ruwa biyu ne, kashi 22 Kecuwa, farare ba su kai kashi 6 ba. Ƙasar ta gauraya tuntuni, ba wai farare a gefe 'yan asali a gefe ba kamar an ja layi. Suna da wani karin magana ma, wai wanda bai da jinin Inka to yana da na Mandinka, saboda bayin da aka kawo daga Afirka har aka soke bauta a 1854. Ga 'yan Sin kusan 100,000 da aka kawo aikin gona da haƙar taki daga 1849, ga 'yan Jafan daga 1899, har ɗansu Fujimori ya yi shugaban ƙasa shekara goma. Lima ɗin kanta yanzu mutanen kan dutse ne da 'ya'yansu suka cika ta.

Kuma matasan yanzu abin da suke alfahari da shi abinci ne da ƙwallo, ka taɓa ɗan Peru a kan ceviche, kifin nan da suke jiƙawa da lemon tsami, ka ga tashin hankali, UNESCO ma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2023. Dankalin turawa daga duwatsunsu ya fito, suna da iri dubbai. Gidan talabijin na gwamnati ya fara labarai da Kecuwa tun 2016, matasa na waƙar zamani da yaren ba kunya. Ai wannan ma tarihi ne kuma shi ne yake haɗa su, dole sai an tuna gawa?

Abba Ɗalibi:

Kai jama'a ngd sosai, Allah ya saka. Anti labarin tsohuwar nan ya taɓa ni. Usy na gane maganarka, amma abin da nake gani shine wanda ake yi wa kirari a kan abincinsa ba lallai a saurare shi ba in ya zo da kukansa. Malam dan Allah ina Tupac Amaru a duk wannan? Na ɗauka shine zai zama gwarzon da kowa ya yarda da shi tunda ɗan gida ne kuma Turawan ya yaƙa.

Malam Nasiru:

Yauwa Abba ka zo wurin. Jose Gabriel Condorcanqui, wanda ya ɗauki sunan Tupac Amaru na biyu don ya ce shi jinin Inka na ƙarshe ne, ya yi bore a Nuwamban 1780 a kudancin Kusko, shekara 40 kafin San Martin, saboda haraji da aikin tilas a ma'adinan azurfa na Potosi. Matarsa Micaela Bastidas ita ke riƙe da abinci da saƙonnin rundunar, kuma ta yi ta matsa masa ya afka wa Kusko da wuri ya yi jinkiri. Da aka kama su, ranar 18 ga Mayu 1781 a dandalin Kusko aka kashe matarsa da babban ɗansa a gabansa, aka yanke masa harshe, aka ɗaura hannuwansa da ƙafafunsa a jikin dawakai huɗu, jikin ya ƙi rabuwa sai suka sare kansa, aka rarraba gaɓoɓinsa garuruwa don a tsorata mutane. Bayan nan aka hana sa tufafin sarautar Inka da ajiye zanen sarakunansu.

To amma boren nan ya ci rayuka dubbai har da farare haifaffun ƙasar, shi ya sa tsoronsa ya zauna a zukatan manyan Lima, kuma jamhuriyar da suka kafa ba ta yi ɗokin ɗaga shi ba. Wanda ya fito da shi sosai Janar Juan Velasco Alvarado ne da ya yi juyin mulki a 1968. Ranar 24 ga Yuni 1969 ya ƙwace manyan gonakin masu ƙasa ya ba manoma, ya ce wa manomi daga yau ubangida ba zai ƙara ci daga talaucinka ba, ya sa hoton Tupac Amaru da hularsa a takardun kuɗi da allunan gwamnati, a 1975 kuma ya mayar da Kecuwa yaren hukuma. Har yau in ka ambaci Velasco za ka ga an rabu biyu, jikan wanda aka ƙwace wa gona zai ce shi ya rusa noman ƙasar, jikan wanda yake aikin bauta a gonar zai ce shi ya mayar da kakansa mutum. Sai kuma ƙungiyar MRTA ta ɗauki sunan Tupac Amaru ta ɗauki bindiga, su ne suka yi garkuwa da mutane a gidan jakadan Jafan daga Disamban 1996 har kwana 126, sunan ya ƙara shiga rigima.

Usy ban ƙi taka ba, gaurayar gaskiya ce kuma abincin ya yi musu rana. Amma duba mutum-mutumin Francisco Pizarro kawai. Shine jagoran Sifaniyawa da ya kama sarkin Inka Atahualpa a Cajamarca ranar 16 ga Nuwamba 1532 da mutum 168, ya karɓi fansar ɗaki cike da zinariya sannan ya kashe shi, kuma shi ɗin dai ne ya kafa Lima a 1535. Gunkinsa a kan doki ya daɗe a gefen fadar shugaban ƙasa, a 2003 magajin gari ya sa aka ɗauke shi aka kai wani lambu can bakin kogi, a Janairun 2025 wani magajin garin ya dawo da shi tsakiyar birni da biki, wasu na tafi wasu na ihun a cire. Mutum ya mutu tun 1541 amma har yanzu ba a gama shawarar inda za a ajiye shi ba.

Maman Ilham:

Usy ƙanina, tambayarka ta dole sai an tuna gawa, matsalar ita ce gawar ma ba a ba su ba. Rajistar gwamnati ta waɗanda suka ɓace a wancan zamani ta haura mutum 20,000, kuma kaɗan ne aka gano aka miƙa wa dangi. A bayan barikin Los Cabitos a Ayakucho akwai wani fili da suke kira La Hoyada, an tono ƙasusuwan mutane sama da ɗari a wurin, an kuma samu murhun da aka yi amfani da shi wajen ƙona gawarwaki, matan ANFASEP sun yi shekaru suna fafutukar a killace filin kada a gina gidaje a kai. Har yanzu lokaci-lokaci ofishin mai gabatar da ƙara yana kiran iyalai a ba su ƙasusuwa a cikin ƙananan fararen akwatuna, a jera kayan da aka samu a jikin mamacin a gefe don dangi su duba. Wata da muka yi aiki tare a can ta ce min kakarta ba ta gane komai ba a sakamakon gwajin jini da aka karanta mata da Sifaniyanci, amma da ta ga rigar sanyin da aka tono ta ce wannan saƙarta ce, ita ta saƙa wa mijinta da hannunta.